Littafin Gwaggo da Fayil ɗin da Ya Ƙi Ramewa

Shekara biyu cur Gwaggona, yayar mahaifina, tana zuwa daga Sandamu duk ranar Asabar a bayan ɗan acaba, da jakarta a cinya, don in buga mata littafinta. Lokacin ina aikin buga takardu a ofishin wata makarantar sakandare a Daura. Shugaban makarantar ya san ta, matarsa ma ɗalibarta ce, shi ya sa ya yarje mini in riƙa buɗe ofis ranar da ba aiki.

Malama ce. Tun da aka ƙaddamar da shari'a matan aure suka yi mata caa da neman karatu, har sai da ta ƙara rumfa a tsakar gida. Yawancinsu ba su yi boko ba, amma suna karanta ajami, sai ta zauna ta rubuta musu littafi a kan tsarki da salla da irin tambayoyin da mace ba za ta iya buɗe baki ta yi wa malami namiji ba. Da hannu ta rubuta, ni kuma aikina in zuba shi a kwamfuta. Ana cikin haka idonta ya fara. Likitan ido a Katsina ya ce ba yanar ido ba ce balle a kankare, jijiyar ce ke mutuwa a hankali. Na dama ya riga ya tafi, na hagu kuma ganinsa sai tsukewa yake, kamar mai leƙe ta kafar ƙyaure. Ba ta taɓa yi mana ƙorafi ba. Abu ɗaya kawai take faɗa, shi ma kamar da wasa: tana son ta karanta littafin nan a buge da idonta, kada a karanta mata.

To ga inda kwamfuta ta shigo. Manhajar da ke iya rubuta ajaminmu da wasullansa daidai tsohuwa ce tukuf, sabuwar kwamfutar ofis ta ƙi karɓarta. Yayana, da ke aikin kwamfuta a Kaduna, da ya zo hutun salla sai ya yi mana dabara, ya gina tsohuwar kwamfuta a cikin sabuwar. Ba ƙarfe, ba waya. Kana dannawa sai taga ta buɗe, ga wata kwamfuta can ciki tana tashi da ɗan kiɗanta. Dukkanta kuwa, da manhajar da littafin da komai, a cikin fayil guda ɗaya take kwance. Gwaggo da ta gani ta ce, "Ikon Allah, ita ma ciki gare ta?" Daga ranar sunanta ya zama 'yar ciki.

Asabar ɗin farko na buga wani shafi ya lalace, sai na ja shi zan jefa a ɗan hoton kwandon nan da ke kusurwa. Caraf ta riƙe mini hannu.

"Mene ne wancan?"

Na ce, "Kwandon shara ne, Gwaggo."

"Shara? Shafin da ke da bisimilla a kansa za ki jefa a shara?"

Na ce, "Haba Gwaggo, hoto ne fa, ba kwandon gaske ba ne."

Ta ce, "To shafin ma ai hoto ne. Me ya sa kike ce masa shafi?"

A gidanta akwai wata tukunyar ƙasa da take tara duk takardar da ke da sunan Allah in ta tsufa ko ta yage, in ta cika a kai bayan gari a haƙa rami a wuri mai tsabta a binne. Dole na buɗe folda a cikin 'yar ciki na sa mata suna tukunya. Duk shafin da ya ɓaci, duk tsohon gyara, duk hotunan rubutun hannunta da nake ɗauka da na'ura don in ƙara musu girma in iya karantawa, can suke tafiya. Kuma Gwaggo mace ce mai gyara. Babi guda sai ta sa a sake shi sau goma, kowanne da hotunansa. Shekara biyu ba a taɓa goge ko ɗigo ba, kuma duk zuwa sai ta ce in buɗe mata tukunya ta tabbatar.

Da littafi ya kammala, muka samu wani mai maɗaba'a a Kano. Na tura masa shafi biyu gwaji, ya buɗe a nasa injin, wasulla suka watse, na sama ya koma ƙasa, wasu suka ɓace ɗungurungum. Ya ce hanya ɗaya ce, a kawo masa 'yar cikin gaba ɗaya a filashi, yana da abin buɗe ta, sai ya fitar da aikin daga cikinta. Ya ƙara da cewa in ta iso masa kafin Litinin zai yi mana, in ta wuce zai ɗora aikin kalandu, sai kuma bayan wata uku. Wata uku ba komai ba ne a wurinsa. A wurin idon Gwaggo kuwa, ni na san ko mene ne, domin a watan da ya wuce kaɗai sai da na ƙara wa rubutun girma sau biyu kafin ta iya bi.

Akwai direba maƙwabcinmu da zai tafi Kano ranar Lahadi da safe. Ranar Alhamis na soka filashina, mai cin giga goma sha shida, na ja fayil ɗin. Kwamfuta ta ce ba wuri. Na duba girmansa, giga arba'in da ɗaya! Na ruga kasuwa na sayo wani filashin da aka rubuta masa sittin da huɗu a jiki. Ya karɓa lafiya lau, ya ce an gama, na buɗe na tarar da wayam. Jabu ne, Allah ya isa. Ɗaukar kwamfutar kanta kuwa ba zance, ta makaranta ce, a cikin kejin ƙarfe take da kwado, kuma sakamakon jarrabawar yara duk yana ciki.

Ranar Juma'a bayan an tashi na zauna ni kaɗai ina kallon tukunyar nan. Ita ce ta cinye wurin, ko makaho ya san haka. Na ce a raina, tsohuwar nan fa ba gani take sosai ba, in ta ce a buɗe mata tukunya sai in buɗe mata wata folda. Na yi a'uzu, na goge ta, na bi ta kwandon ma na zazzage. Na duba daga ciki, 'yar ciki ta ce giga tara kacal take ɗauke da shi yanzu. Har na fara murmushi. Na rufe ta na duba fayil ɗin daga waje.

Arba'in da ɗaya.

Na kashe na kunna. Arba'in da ɗaya. Wallahi sai da na ɗaga hannu zan kai wa kwamfutar nan mari. Na yi zunubin a banza, na ci amanar tsohuwa, ko ƙwayar gero ba ta ragu ba. Na kira Yaya ya fi sau goma, wayarsa a kashe. Na tura masa saƙo na faɗa masa duk abin da na yi, na koma gida raina a jagule.

Asabar da hantsi sai ga Gwaggo da fara'arta, ta kawo mini dafaffiyar gyaɗa a ƙullin leda. Ta zauna ke nan wayata ta yi ƙara. Wayar tawa kuwa ta taɓa faɗawa a ruwa, ba a jin magana sai an buɗe sifika. Ina dannawa, kafin in ce uffan, muryar Yaya ta cika ofis, har da dariyarsa:

"Ke, ashe dai kin yi ta maza kin goge tukunyar Gwaggo? Tabɗi! In ta ji, sai dai ki koma Zango da zama."

Na ce, "Yaya, ga ta nan."

Can ya ce, da wata 'yar siririyar murya, "Gwaggo, ina kwana?"

Ko kallona ba ta yi ba. Gwaggo kullum Uwata take ce mini, don sunan mahaifiyarta aka sa mini, amma ran nan sai ta miƙa hannu ta ce, "A ba ni wayar." Ta riƙe ta a gaban bakinta kamar mai shirin tofa addu'a.

"Kai, faɗa mini gaskiya. Takardun nan suna nan ko ba sa nan?"

Ya ce, "Suna nan, Gwaggo. Sunayensu kawai aka cire daga jeri. Rubutun yana kwance inda yake, sai ranar da wani sabon abu ya zo ya hau kansa."

"Kowane irin abu?"

"Kowane iri."

Ta ce, "Inna lillahi."

Sai ya shiga yi mata bayani, ni ma a nan na fahimta. Ya ce fayil ɗin 'yar ciki yana buɗewa ne in an zuba masa kaya, amma ba ya tsukewa da kansa in an kwashe. Daga waje ba a iya bambance wurin da ake amfani da shi da wurin da aka bari, tunda duk rubutu ne kwance a kai. Maganinsa shi ne a shiga ciki a tattara kayan da ake so wuri guda, sannan a bi duk sauran filin a shafe shi da sifili. In an gama sai a kashe 'yar ciki, a ba da umarni daga waje, duk inda aka tarar da sifili zalla a yanke shi a yar. A nan ne zai rame.

Gwaggo ta ce, "Ana iya dawo da su yadda suke?"

Ya ce, "Mafi yawansu, in ba a taɓa komai ba. Amma in an dawo da su ba zai shiga filashi ba."

Ta ce, "A dawo da su."

Nan fa zuciyata ta ɗebe ni. Ni dama ba a san ni da haƙuri ba. Na miƙe tsaye na ce, "Gwaggo, idonki fa! Wata uku mutumin nan ya ce. Wata uku! Satin da ya wuce kika gaishe da ginshiƙin baranda kin zaci maigadi ne. Shekara biyu ina fama da ke, ban huta Asabar ko ɗaya ba, don ki ga littafin nan da idonki, yanzu kuma ki ce a fasa saboda takardun da ko taɓa su ba a iya yi?"

Ba wanda ya taɓa faɗa mata maganar idon nan gatsal haka. Ina rufe baki na yi da na sani, amma ta riga ta fita. Ta ajiye wayar a kan tebur a hankali, ta lalubi butarta ta fita. Yaya ya ce, "Kin kyauta," ya kashe.

Ta daɗe a waje. Ta taga na hango ta ta yi alwala a bakin famfo, ta shimfiɗa mayafinta a inuwar darbejiya ta yi nafila, ta zauna tana jan carbi. Ni kuma ina ciki ina cin gyaɗarta ina share hawaye, don haushi ba ya hana ni ci. Da ta dawo ta ce, "A kira shi."

Ta tambaye shi, "Sifilin nan naka, in ya bi ta kan rubutu, akwai harafin da zai saura? Ko rabinsa?"

Ya ce, "Ko ɗigo, Gwaggo. Ko ni ba zan iya gano abin da ya taɓa zama a wurin ba."

"Kuma ba wani abu zai rubuta a kai ba?"

"Ba komai. Fari fat."

Ta gyaɗa kai. "To wannan ai wanki ne. Wanki ya halatta. Abin da waccan ta yi shi ne zubarwa, ta bar su yashe ba mai su, kowa ya zo ya taka." Ta gyara zama. "A wanke. Amma hannun da ya zubar ba shi zai wanke ba."

Haka kuwa aka yi. Na fara kwafe littafin shi kaɗai a filashi don gudun tsautsayi, yadda Yaya ya ce. Na sa aka tattara kaya wuri guda, wasu 'yan tubala masu launi suna ta tsere a fuskar kwamfuta. Sannan ya karanto mini umarnin sifili na rubuta, na ja kujerata baya. Gwaggo ta matso, na kama yatsanta na ɗora a kan babban maɓalli. Ta fizge ta ce ta san wurin. Ta yi bisimilla a bayyane ta danna, da ƙarfin da sai da teburin ya motsa.

Aikin ya ci sa'o'i. Mu biyu ne rak a ofis, amma Gwaggo ta ƙi yi mini magana kai tsaye. Sai ta dubi bango ta ce, "A tambayi mai buga takardu, an kai ina?" Ni ma in dubi bangon in ce, "A gaya wa Malama an kai kashi talatin." Ta ce, "A gaya mata ta cinye mini gyaɗa." Na ce, "A gaya mata ni aka kawo wa."

Wajen azahar na leƙa girman fayil ɗin daga waje don in ga ko ya fara sauka. Arba'in da shida. Ina kallo ya koma arba'in da bakwai. Ƙaruwa yake yi! Kwamfutar makaranta ta fito da jan gargaɗi cewa wurinta ya kusa ƙarewa. Na manta da wani bango, na ce, "Gwaggo, mun shiga uku, kumbura yake!" Na kira Yaya ina ihu, na ce ya kashe mu, ya sa mun wanke tukunya ga shi abin sai ƙiba yake, in kwamfutar makaranta ta fashe shi zai zo ya yi wa shugaba bayani.

Ya bari na gama tas, sannan ya ce, "Haka yake yi. Sifilin ma ai wuri yake ci kafin a yanke shi. Saura nawa a babbar?"

Na ce, "Giga huɗu."

"Shi kuma ya kai kashi nawa?"

"Casa'in da ɗaya."

Ya ce, "Zai isa. Ina jin zai isa."

Wannan "ina jin" ɗin ban yafe masa ba har yau. Na zauna na zuba wa lambobin nan biyu ido, ɗaya na hawa ɗaya na sauka. Gwaggo kuwa ko a jikinta. Ta ce, "Ke ba ki taɓa kwaɓa ƙullin waina ba? Ai sai ya tashi." Aikin ya kai ɗari saura ƙasa da giga guda a babbar kwamfuta. Na sauke wata ajiyar zuciya da ta sa ta yi dariya ba ta shirya ba.

Muka yi salla, sannan na kashe 'yar ciki. Yaya ya sa na buɗe wata baƙar taga a babbar kwamfuta, ya riƙa karanto mini umarnin yankewa harafi bayan harafi. Wannan karon ma ita ta danna. Lambobi suka fara tafiya, goma, ashirin, talatin, ba sauri ba tsayawa. Da ya kai ɗari na kasa dubawa. Gwaggo ta ce, "Duba mana, ni zan duba miki?"

Giga tara da 'yan kai.

Ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba, a ofishin gwamnati, da rana tsaka. Maigadi ya shigo a guje da sandarsa yana tambayar ko maciji ne. Gwaggo ta ce masa, "Ba komai, Malam, mai ciki ce ta sauka." Ya tsaya yana dube-dube, bai ga kowa ba sai mu, ya fita yana girgiza kai.

Na kunna 'yar ciki don in tabbatar ba mu yanke da nama ba. Ta tashi da ɗan kiɗanta kamar ba abin da ya faru. Na buɗe littafin, ga shi nan daga bisimilla har tammat, kowane wasali a mazauninsa. Na kashe ta na zuba a filashi, ya shige har da sauran wuri. Kafin la'asar sakaliya na damƙa wa direba, na ja masa kunne kamar jariri na ba shi. A bakin ƙofar makaranta, tana shirin hawa babur, na durƙusa na ce, "Gwaggo, ki yafe mini." Ta ce, "Gogewar na yafe. Ƙaryar da kika shirya yi mini ce sai na yi tunani." Ban taɓa gaya mata zancen wata foldar ba. Ita dai ta san ni.

Sati uku aka yi kafin littattafan su iso, a ɗaure cikin takarda mai ruwan ƙasa. Da sassafe na ɗora ƙunshi ɗaya a kan babur na nufi Sandamu. Na yi sallama na shiga, tana zaune a bakin rumfa tana fuskantar ƙofa, amma ba ta gane ni ba sai da na yi magana. Ɗalibanta sun fi ashirin a wurin.

Ta ce a kai mata tabarma cikin rana. Na zare littafi guda na miƙa mata. Ta shafa bangonsa, ta shinshina, ta buɗe, ta kawo shi dab da idonta na hagu har hancinta na taɓa takarda. Sai ta fara karantawa a bayyane, tiryan-tiryan, ba gargada. Mata suka ɗauki kabbara, wata ta fara guɗa.

Ni kuwa sai shakka ta kama ni. Littafin nan ita ta rubuta shi, ta gyara shi sau ba adadi, ta haddace shi kamar sunanta. Ta yaya zan san karantawa take yi? Wataƙila ba ta ganin komai sai fari, tana yi ne don kada ta karya mana zuciya. Na tsaya a kanta ina kallon idon nan, ina neman alama, ban samu ba. Mutane na murna ni ina jin mun makara.

Ta kai ƙarshen shafin farko sai ta tsaya. Ta ƙara matso da shi. Ta haɗe rai.

"Wa ya ce a yi mini fure a nan?"

Na ce, "Wane fure, Gwaggo?"

"Ga shi nan a gindin shafi, an kewaye lamba da shi. Littafin tsarki ne wannan ko zanen gado?"

Na karɓa na duba. Wallahi ga shi nan, ɗan mitsitsin fure da bai fi ƙwayar wake ba, mai maɗaba'a ne ya ƙara don ado. Ba ya cikin abin da muka tura, ba wanda ya gaya mata, ni kaina da idona biyu ban lura da shi ba. Sai na durƙushe a wurin, dariya da kuka suka haɗe mini, na kasa tsayar da ko ɗaya.

Ta fizge littafinta ta ce, "Kukan me kike yi kuma? Matsa can, kin tare mini rana."

Na matsa. Ta lashi yatsa ta buɗe shafi na biyu.